Amon da ba ya cikin jeri: yaya ake tsoma shi a kiɗan jita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iya jerin amo biyar na A maino (wato sikelin nan mai amo biyar da ke farawa da amon A) a jita, amma idan na zo ƙirƙirar kiɗa nan take sai in ji abu ɗaya nake ta maimaitawa. An ce mini makaɗan jaz suna tsoma amon da ba ya cikin jeri, sai dai da na gwada bai yi wa kunnena daɗi ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina matsalar tana ga lokacin da kake taɓa amon da kuma inda kake sauka bayansa. Abin da ake kira amon kiromatik na wucewa shi ne wanda yake tsakanin amo biyu na jeri, kuma aikinsa kai ka daga wannan zuwa wancan, shi ya sa ba a daɗewa a kansa. A wuyan jita gano shi ba wuya, domin kowace gaɓa rabin mataki ce, wato tazarar da ke tsakanin amo da wanda ke dab da shi.

Fara da abin da hannunka ya saba. A tsirkiya ta biyar, idan ka fara ƙirga daga mafi siririya, gaɓa ta 5 ita ce D, ta 7 kuma E, sai ta 6 da ke tsakaninsu, wato Eb, wadda makaɗan bulus suka daɗe da riƙewa. Ka kaɗa 5, 6, 7 a jere ka tsaya a kan 7, sannan ka sake kaɗawa ka tsaya a kan 6. Na farkon zai zauna daram, na biyun kuwa shi ne abin da ya dame ka.

Batun lokaci ya fi komai muhimmanci, kuma a nan ne makaɗan bibop, salon da su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka haɓaka a birnin New York cikin shekarun 1940, suka yi fice. Idan kana kan kod ɗin G7 (kod shi ne amo da dama da ake kaɗawa tare) ka gangaro da amo bibbiyu a kowane bugu, wato G, F, E, D, C, B, A, G, waɗanda za su faɗa a kan bugu su ne G, E, C da A, alhali uku daga cikinsu ba 'yan kod ɗin ba ne. Amma da zarar ka tsoma F#, wato amon da ke rabin mataki sama da F, tsakanin G da F, waɗanda za su faɗa a kan bugun sai su zama G, F, D da B, dukansu 'yan kod ɗin, baƙon amon kuma ya ratsa tsakanin bugu biyu.

Akwai kuma dabarar kewaye: idan E kake nufi a kan kod ɗin C, ka taɓa F a samanta, ka taɓa D# a ƙasanta, sannan ka sauka a kanta daidai kan bugu. Ka riƙa gwada wannan sannu a hankali tare da na'urar ƙidayar bugu, amo ɗaya na waje a kowace jimlar kiɗa, kana zaɓar masaukinka tun kafin yatsanka ya motsa.