Ina karatun shari'a, zan iya haɗawa da falsafa?

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a sashen shari'a a Jami'ar Ngaundare, kuma ina son ɗaukar falsafa a cikin darussan zaɓi. Mahaifina yana tsoron za ta taɓa mini aƙida, abokaina kuma suna cewa ɓata lokaci ce. Mene ne shawararka?

Amsa: Ɗana, shawarata ita ce ka ɗauka, amma ka san abin da za ta ba ka. A tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da jami'o'in Kamaru ke bi, lisans shekara 3 ce mai kiredi 180, kuma kaso mafi girma na babban fanninka ne, saboda haka 'yan darussan falsafa ba za su mai da kai malamin falsafa a lise, wato makarantar sakandare, ba. Ribarsu tana cikin horon tunani: yadda ake ware da'awa daga hujjarta, da gano inda magana ta ci karo da kanta. Wannan shi ne aikin lauya da alƙali kullum. Ka fifita mantiƙi da falsafar siyasa, domin wanda ya karanta Montesquieu, masanin falsafa ɗan Faransa, a kan raba iko uku, wato na majalisa da na zartarwa da na kotu, zai fi gane tsarin mulki fiye da mai haddar sassansa. Marcien Towa, masanin falsafa ɗan ƙasar nan da ya rasu a 2014, shi ma ya cancanci a karanta shi a natse, ba irin karatun neman cin bak, jarrabawar gama sakandare, ba.

Tsoron mahaifinka kuwa yana da tushe, kada ka raina shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya soki masana falsafa a mas'aloli 20 cikin littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kafirta su a 3: cewa duniya ba ta da farko, cewa ilimin Allah bai game ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Duk da haka shi ne ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhu, Almustasfa, da gabatarwar mantiƙi, kuma malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Sullam, littafin mantiƙi na Ahdari. Ka kai wa Baba wannan bayani cikin ladabi, ka kuma ci gaba da karatun tauhidi wurin malaminka.

Kafin rajista, ka duba jadawali don kada darasin ya haɗu da na shari'a a awa ɗaya.