Fata Nagari Lamiri: Amsar Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya rubuto: "Malam, duk lokacin da na ce ina jin ba zan ci jarrabawa ba, sai kakata ta katse ni da 'fata nagari lamiri'. Mene ne lamiri?"

Ɗana, kakarka ta ba ka magana mai nauyi. Fatan da take nufi shi ne na buri, wanda namiji ne, shi ya sa aka ce "nagari", kamar yadda muke cewa fatan alheri. Ta jiki kuwa mace ce: fatar akuya. Lamiri aro ne daga Larabci, "damir", wato abin da ke ɓoye a zuci. Harafin Larabci da ke farkon "damir", wanda almajirai ke kira "lodi", yakan koma "l" a bakin Bahaushe, shi ya sa muke da larura, alwala, alƙali da farilla. A makarantun zaure ma, masu karatun nahawu lamiri suke kiran kalmomi irin su "huwa" (shi) da "hiya" (ita), domin suna ɓoye sunan da suke wakilta.

Ke nan ma'anar farko ita ce, fatan da ka furta yana tona abin da ke ranka. Amma tsofaffi sun fi amfani da ita a matsayin gargaɗi: abin da ka saba faɗa wa kanka, shi zuciyarka za ta zauna a kai. Ni ina ganin gaskiyarsu, kuma ba camfi ba ne. Ɗalibin da ya yanke wa kansa hukuncin faɗuwa tun wata guda kafin jarrabawa, da wuya ya buɗe littafi da ƙarfin gwiwa. Idan ya faɗi sai ya ce dama ya sani, alhali bakinsa ne ya fara kashe masa jiki. Kakarka tana so ka bar zuciyarka a gefen da za ta iya karatu.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya ta ce: "Mara lafiya yana numfashi da ƙyar, ka tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wannan ba ƙarya ba ce?"

Malama, ba ƙarya ba ce, kuma tambayarki ta taɓo wani abu da nake ƙauna a harshenmu. Ki saurari gaisuwarmu tun daga farko. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya aiki? Da godiya. Ina labari? Sai alheri. Yaya sanyi? Lokacinsa ne. Yaya ruwa? Ya yi gyara. Wannan ta ƙarshe za ki ji ta daga bakin magidancin da ke tsaye a tsakar gida, ya naɗe ƙafar wando, ruwan daren jiya ya kwantar masa da katanga. Ya ga katangar sarai. Ya dai zaɓi ya fara da geron da ya sha a gona da iyalin da suka kwana lafiya, sannan ya zo kan ɓarna. Gaisuwar Bahaushe rabinta addu'a ce, rabinta godiya. Labarin yakan biyo baya ne, da zarar kin ji an sassauta murya an ce "sai dai...".

Akwai tushen addini ma a ciki. Mu mukan ce bayan wuya sai daɗi, amma Suratu Alam Nashrah, aya ta 5 da ta 6, cewa ta yi tare da tsanani akwai sauƙi. Tare, tun ana cikinsa. Mai cewa "da sauƙi" yana kwance a gadon asibiti ya fi kusa da lafazin ayar fiye da karin maganar tamu.

Sai dai a gaban likita wannan ladabi yana iya cutarwa, kuma a nan ba na sassautawa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shawarata, ki bar mara lafiya ya kammala gaisuwarsa, kada ki ɗauke ta amsa. Daga nan ki tambaya filla-filla: "Baba, ina ne yake maka ciwo? Ka samu barci jiya? Ka iya cin abinci?" Za ki ji bakin ya buɗe.

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya nemi bambancin waswasi, zullumi da saƙa da warwara, ya ce ukun duka suna damunsa.

Alhaji, Allah ya yaye. Waswasi shi ma daga Larabci yake, yana cikin Suratun Nasi. Shakka ce mai raɗa, irin ta wanda ya kulle shago ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Zullumi tsoron abin da bai zo ba ne. Saƙa da warwara kuwa daga masaƙa muka samo: ka ƙulla tunani, ka kwance, ka sake ƙullawa, gari ya waye ba ka da ko ƙyalle.

Yadda abin ke kama ɗan kasuwa sananne ne. An yi ciniki tun safe, jama'a sun saya sun biya, mutum ɗaya ya ɗauki kaya bashi ya daina ɗaga waya. Da dare shi kaɗai za a kwana da shi a rai. In za ka rufe littafin ciniki, ka karanta sunayen waɗanda suka biya kamar yadda kake karanta na mai bashin, domin su ma gaskiya ne. Idan kuwa abin ya kai makonni yana hana ka barci da ci, ya wuce maganar karin magana; ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani a asibiti.

A taƙaice ga mai tambaya daga Kumasi kan "zato zunubi ko da ya zama gaskiya": mugun zato ake nufi. Suratul Hujurat, aya ta 12, sashen zato ta ce laifi ne, ba dukkansa ba. Kyautata zato abin so ne, kuma bai hana ka rubuta bashi ko ka ƙirga canjinka kafin ka bar gaban mai shago ba.