Ga masu digiri birjik, me ya sa ake kukan rashin ma'aikatan haɗa magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri a ilimin ƙananan halittu, ina jiran bautar ƙasa. Ana ta cewa Afirka za ta fara haɗa rigakafinta da kanta, amma wai babu ma'aikata. Ni a ganina kuɗi ne matsalar. A sayo injuna mana, ga masu digiri nan suna zaman kashe wando. Ina gaskiyar take, kuma ta ina irina za su shiga? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kuɗi matsala ne, babu musu. Amma mai kuɗi zai iya gina masana'anta ya girke injuna cikin 'yan shekaru. Abin da ba a sayowa a kwantena shi ne mutumin da zai haɗa magani yau, ya haɗa gobe, ya haɗa baɗi, duka su fito iri ɗaya babu bambanci ko kaɗan. Wannan mutumin ne ake ƙarancinsa, kuma digiri shi kaɗai ba ya samar da shi.

A ɗakin da ake ɗura allura a kwalba, babban abin da ke kawo ƙazanta shi ne jikin ɗan Adam: fata, gashi, numfashi. Don haka sai an koya wa ma'aikaci sa kayan kariya daga kai har ƙafa ba tare da ya taɓa wajen rigar ba, a gwada shi, a sake gwadawa. Sai ya koyi motsi a hankali, kuma kada hannunsa ya gifta ta saman buɗaɗɗiyar kwalba. Kafin a amince da layin aiki, ana ɗura ruwan da ƙwayoyin cuta ke son tsiro a ciki maimakon magani, a ajiye kwalaben kwana 14. Idan wani abu ya tsiro, sai a tsaya a yi bincike. Sannan ga rubutu. A ƙa'idojin GMP, wato dokokin tabbatar da inganci a masana'antar magani, duk abin da kika yi sai kin rubuta shi a lokacin, da sa hannu da kwanan wata, domin mai binciken hukuma ba ya karɓar "ai na yi" da baki. Jami'a za ta koya miki dalilan waɗannan abubuwa, amma sabon hannu sai a bakin aiki.

Kuskure a nan yana da tsada. A 2021, a wata masana'anta a Baltimore ta Amurka, sinadaran rigakafin korona iri biyu suka gauraya, aka yi asarar kusan allurai miliyan 15 na kamfanin Johnson & Johnson. Injuna ba su yi ƙaranci a wurin ba. Mu ma muna da namu tabon: a 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe yara sama da 80 a Najeriya. Aikin mai gwajin inganci shi ne ya tare irin wannan sinadarin tun daga ƙofar shigowa, kafin ya kai ga tukunya.

Abin da ya fi damuna shi ne, ƙwarewar nan mutuwa take yi idan aiki ya tsaya. Ɗakin haɗa rigakafi na gwamnatin tarayya da ke Yaba a Legas ya yi shekaru da dama yana samar da rigakafin agana da shawara da cizon mahaukacin kare. Aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, bai dawo ba. Waɗanda suka iya aikin suka watse, suka tsufa, babu matasan da suka gaji hannunsu. Cibiyar Pasteur ta Dakar kuwa ba ta yanke ba tun shekarun 1930, kuma har yau tana cikin 'yan tsirarun masu haɗa rigakafin shawara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Na gaba ya koya wa na baya, shi ne sirrin. Shi ya sa burin Tarayyar Afirka na haɗa kashi 60 cikin 100 na rigakafin nahiyar a gida kafin 2040, daga kusan kashi 1 da ake yi lokacin da aka sa burin, a wurina maganar horar da mutane ce kafin ta zama maganar gini.

Ƙasar Ayalan ta gane haka. A 2011 ta buɗe cibiyar NIBRT a Dublin, wadda aka gina tamkar masana'anta ta gaske domin ɗalibi ya yi kuskurensa a can, ba a kan maganin mara lafiya ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi Koriya ta Kudu a matsayin cibiyar horar da ma'aikatan ƙasashe masu tasowa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Afirka 6 da aka fara zaɓa su karɓi fasahar mRNA, irin wadda aka haɗa wasu rigakafin korona da ita, daga wata cibiya da ke Cape Town a Afirka ta Kudu. A shekarar ne kuma NAFDAC ta kai mataki na 3 a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke auna hukumomin kula da magunguna da shi, wanda ƙasa ke buƙata kafin a amince da rigakafin da ta haɗa.

Sababbin magunguna na gyaran ƙwayoyin halitta sun fi komai cin ma'aikata, kuma sun shafe mu kai tsaye, tunda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani maganin sikila mai suna Casgevy. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su da CRISPR, wata fasahar gyaran ƙwayoyin halitta, yadda za su riƙa yin irin haimogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iska a jini) na jarirai, a ba shi magani mai ƙarfi ya share ɓargonsa, sannan a mayar masa da su. Kowane haɗi na mutum ɗaya ne tak. Idan aka musanya jakar wani da ta wani, ko sanyi ya yanke a hanya, babu wata a sito da za a ɗauko. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Indiya kuwa ta horar da nata mutanen, ta haɗa nata maganin sankarar jini na CAR-T, wanda shi ma daga ƙwayoyin jinin mara lafiyar ake haɗa shi, aka amince da shi a 2023, kuma kuɗinsa bai kusanci na Turawa ba.

Ke kuma, digirinki ya dace sosai, domin masana ƙananan halittu ne ke gwada ruwa da iska da tsaftar ɗaki a masana'anta. Ki nemi a tura ki bautar ƙasa a kamfanin magani, ko NAFDAC, ko cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, ko cibiyar Vom a jihar Filato da ke haɗa rigakafin dabbobi. Yawancin kamfanonin suna Legas da Ogun, don haka ki fara zancen tafiyar da iyaye tun yanzu. Kada ki raina kamfanin da ke buga farasitamol ko ruwan ƙarin jiki, ladabin aikin ɗaya ne da na rigakafi. Ki karanta ƙa'idojin GMP na Hukumar Lafiya ta Duniya, kyauta suke a intanet. Idan kuma kina da ƙani a foliteknik yana karanta injiniyan lantarki ko na sinadarai, ki gaya masa masu kula da na'urar tace iska da ta tace ruwa da daidaita ma'aunai suna cikin waɗanda aka fi wahalar samu. Allah Ya ba da sa'a.