Shin Akwai Duniyar da Ke Zagaya Tauraron Aldabaran?

Tambaya: Malam, a daren hunturu a nan Daura muna ganin wani tauraro mai ruwan goro yana bin bayan Kaza da 'Ya'yanta. An ce mini akwai duniyar da ke zagaya shi, wasu kuma sun musanta. Ina gaskiyar magana? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Tauraron da kake gani, ɗana, shi ne Aldabaran, kuma haskensa kan yi tafiyar kimanin shekara 65 kafin ya iso mana. Tsohon tauraro ne da ya ƙone iskar haidurojin da ke cibiyarsa, wato makamashinsa, ya kumbura har faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 44, zafin samansa kuma ya sauka zuwa kimanin digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyas, abin da ya ba shi wannan launi.

Babu wanda ya taɓa ganin duniyar da idonsa ko da na'urar hangen nesa. Abin da ake aunawa shi ne hasken tauraron, domin idan wani abu mai nauyi yana zagaya tauraro, yakan ɗan ja shi gaba da baya, sai alamar hakan ta bayyana a hasken. Masana biyu, Hatzes da Cochran, sun lura da irin wannan motsi tun 1993, kuma a 2015 aka ba da sanarwar cewa akwai abin da ke kammala zagaye cikin kwana 629, wanda nauyinsa ya ninka na Mushtari (duniyar da ta fi girma cikin masu zagaya rana) aƙalla sau shida.

A kan "aƙalla" ɗin nan ake samun saɓani. Wannan hanya ba ta nuna karkatar da'irar zagayen, don haka nauyin gaskiya yana iya fin haka, kuma abin da ya haura ninki 13 na Mushtari ba a kiransa duniya. Wadan tauraro ne, wanda nauyinsa bai kai ya kunna wutar haidurojin kamar rana ba.

Matsalar da ta fi wannan ita ce, manyan taurari irin Aldabaran suna kumbura suna motsewa da kansu, kamar ƙirjin mai numfashi, kuma wannan kaɗai yana iya haifar da alamar da za a ɗauka ta duniya ce. A 2019, da aka haɗa ma'aunan cibiyar binciken taurari ta Lick da ke Amurka da na baya, sai hujjar zagayen kwana 629 ta raunana. A ganina, duk wanda ya ce maka tabbas akwai duniyar ya yi gaggawa.