Fuskar ƙanwata na saɓa tun da ta yi amfani da sabulun da na haɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Agege nake. Na koyi haɗa sabulun ruwa, ina sayo kayan haɗi a kasuwar sinadarai ta Ojota. Da haɗin nan na salfonik da kwastik soda da Texapon na yi na wanke fuska, har na sayar wa maƙwabta. Yanzu fuskar ƙanwata na raɗaɗi tana saɓa. Wadda ta koya mana ta ce datti ne ke fita. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, gara da hankalinki ya ƙi kwanciya. Ki bi maƙwabtan nan yau ki karɓo abin da kika sayar. Ƙanwarki ta daina, ta riƙa wanke fuska da ruwa zalla tana shafa Vaseline. Kada ta sa lemon tsami ko sabulun salo. In wurin ya yi ƙuraje masu ruwa, ko ido ya kumbura, a wuce asibiti.

Haɗin da aka koya miki na wanke kwanuka ne. Salfonik asid ne mai ƙarfi, kwastik ke kashe kaifinsa, kuma da wuya mai awo da murfin jarka ya daidaita su. A ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin asid ko soda a cikin abu, fata na zama tsakanin 4.5 zuwa 5.5, haɗin da soda ta yi wa yawa kuwa yakan haura 10.

Maganar "datti ne ke fita" kuwa, kullum sai na ji ta, kuma wallahi tana ɓata mini rai. Wane irin datti ne ke fita da raɗaɗi? Aikin sinadaran kumfa shi ne su kama maiƙo, ruwa ya tafi da shi. Ba su san bambancin maiƙon miya da maiƙon da Allah ya sa yana tsare fata ba. In suka yi ƙarfi sai su kwashe duka, fata ta bushe ta tsattsage. Zafin da yarinyar ke ji rauni ne. Ga abin da masu koyarwar nan ba sa faɗa: fatarmu baƙa in ta ji rauni, da baƙin tabo take warkewa. Sai mace ta ga kumatunta sun yi duhu, ta koma wurin wadda ta jawo mata, a haɗa mata man bilicin. An karɓi kuɗinta sau biyu, fuska ta tafi. Mutum bai taɓa riƙe takardar gwajin pH ba, amma ya tara mata yana ba su satifiket!

Texapon N70 kansa ba laifi, sinadarin kumfa ne da ake kira SLES, ya fi ɗan uwansa SLS sauƙi a fata. Amma kashi 70 cikin 100 nasa sinadari ne tsantsa, kaɗan ake sawa. Ki haɗa shi da betain, wani sinadarin kumfa mai sauƙi a fata, don ya rage masa kaifi, jimillar sinadaran kumfa kada ta wuce kashi 10 cikin 100 a na fuska. Kumfa za ta ragu, wankin bai ragu ba. Ki sayi sikeli da takardar gwaji, ki sauko da haɗin zuwa pH 5.5 da sitirik asid. Duk abin da ruwa ya shiga yana buƙatar sinadarin hana lalacewa, balle a damshin Legas. Ki gwada a cikin gwiwar hannu kwana biyu, kuma kafin ki sake sayarwa ki nemi rajistar NAFDAC.