Tambaya da Amsa: Kwafi Ya Tsaya a Hanya, Diski Yana Ƙara

Saƙonni uku na ɗauko wannan makon, duka daga nan cikin Maradi, duka kuma kukansu ɗaya: mutum ya zauna zai kwafe aikinsa ya adana, abin ya zo masa da matsala. Na farkon shi ne ba ya jira, don haka a kansa zan daɗe.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a unguwar Zariya. Ina da diski na waje mai tera 1, shekararsa huɗu a hannuna, duk aikina yana ciki. Na sayi sabo don in kwafe, amma kullum sai ya tsaya a kan bidiyo guda ya rubuta "Erreur de données (contrôle de redondance cyclique)". Wani lokaci ina jin tsohon yana ƙas-ƙas. Na biyu, kilen USB mai jiga 32 da babu komai a cikinta ta ƙi karɓar bidiyo mai jiga 6, wai ya yi girma. Abokina ya ce in yi wa duka biyun formataj. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ƙarasa karatun nan, tashi ka zare tsohon diskin ka ajiye shi inda rana ba ta bugu. Shawarar abokinka ta yi daidai a kan kile. A kan diski kuwa, in ka bi ta, da hannunka za ka share aikin shekara huɗu.

Ga abin da saƙon yake nufi. Diski yana rubuta bayanai a ƙananan gidaje, kowane gida da ɗan lissafin da ake ajiyewa tare da shi. Kamar ɗan kasuwa ne da ya loda buhunan wake zuwa Jibiya, ya rubuta adadinsu a takarda ya ba direba. An isa, an ƙirga, lissafi bai yi daidai da takarda ba. Abin da kwamfutarka ke gaya maka ke nan: ta karanta wurin, abin da ta samu ba shi ne aka rubuta ba. Yanzu sai a gano ko a hanya kayan suka zube, ko tun daga rumbu.

Hanya ita ce wayar da ke haɗa diski da kwamfuta da kuma ramin USB, kuma da su za ka fara don gwajinsu ba ya cin kuɗi. Canja waya. In kwamfutar tebur ce, soka a ramin baya, ka bar na gaba. Ƙananan diskin nan daga ramin suke shan wuta, kuma tsohon rami na USB 2 ba ya ba da abin da ya wuce miliampa 500, na USB 3 mai shuɗin ciki yana kai 900. Diskin da bai ƙoshi da wuta ba shi ma yana yin wannan ƙas-ƙas ɗin. Na sha ganin mutum ya zo shagona fuska a murtuke, ƙurar hunturu ce kawai ta cika ramin, aka canja waya ya koma gida da kayansa lafiya.

In ka canja waya amma ya sake tsayawa a kan bidiyon nan, a daidai wurin da ya saba tsayawa, to matsalar a rumbu take. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, tana karanta rahoton lafiyar da diski ke ajiyewa a kan kansa. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma ya riga ya kama hanya. In ka ga ɗorawa ko ja, ka ɗauka duk lokacin da ka kunna shi kana rage masa kwana.

Daga nan kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne nacewa a kan fishiye ɗaya da ya ƙi, wato abin da ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ke ce wa fayil. A danna "Réessayer", a sake dannawa, har sau goma. Kowace dannawa diskin komawa yake yana goga wurin da ya ji ciwo. Danna "Ignorer" ka wuce shi. Kuma kada ka kwashi diskin gaba ɗaya a tafi guda. Fara da bikin da ba ka miƙa wa masu shi ba tukuna, sai wanda aka biya rabin kuɗi, sai tsofaffin da masu su suka riga suka karɓa. In diskin zai mutu a tsakiyar aiki, ya mutu bayan amanar mutane ta fita.

Ni da Robocopy nake wannan aiki, yana nan cikin Windows, ba sai ka saukar da komai ba. A ce tsohon diski E ne, sabon F, ka buɗe "Invite de commandes" ka rubuta:

robocopy E:\Bukukuwa F:\Bukukuwa /E /R:1 /W:1 /LOG:F:\rahoto.txt

A wurin Bukukuwa ka sa sunan dosiyen bikin da za ka fara da shi. Kada ka manta da /R:1 da /W:1. In ba ka sa su ba, tsarinsa na asali shi ne ya sake gwada fishiyen da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, kusan shekara guda ke nan a kan bidiyo ɗaya. Da su kuwa sau ɗaya zai sake gwadawa ya wuce, kuma a cikin rahoto.txt za ka ga sunan duk abin da bai kwafu ba. Ka yi aikin da safe ko da dare, musamman in bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40, kuma a kwamfuta mai batir ko mai ondilar, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, don kuran ya ɗauke ana tsakiyar kwafi wani ciwon ne daban.

Wani zai ce maka ka yi chkdsk, wato umarnin Windows na binciken diski. Ina roƙonka ka dakata sai kayanka sun fita. Shekarun baya wani bawan Allah ya kawo mini diski irin naka, da takardun shagonsa da hotunan mahaifinsa da ya rasu. Na sa masa chkdsk /r da magariba na rufe shago na tafi. Umarnin nan gida-gida yake bin diski yana karantawa, ga diskin da ma a gajiye. Da safe na tarar kwamfuta ba ta ganinsa ko kaɗan. Mutumin bai ɗaga mini murya ba, ya ce Allah ya ƙaddara, ya sa diskin a aljihu ya fita. Har yau ina tuna yadda ya tsaya a bakin ƙofa kafin ya hau babur. Chkdsk tsarin ajiya yake gyarawa, ba ya warkar da faifan da ya lalace. In ƙarar ta ci gaba bayan canjin waya, ko kwafin ya riƙa sandarar da kwamfuta, ka kashe, ka nemi wanda ya iya manhajar ddrescue a kan Linux, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu ciwo.

Maganar kile mai sauƙi ce. Da tsarin FAT32 ta zo, shi kuma tun 1996 yake, ba ya karɓar fishiye guda da ya kai jiga 4 komai yawan wurin da ya rage. Yi mata formataj ka zaɓi exFAT, bidiyon zai shiga. Sai dai ka tuna yawancin masu bikin a talabijin suke soka kile, kuma tsofaffin talabijin da yawa ba sa karanta exFAT. Ni a wurinka, wajen montaj zan raba shi: ɗaurin aure daban, kai amarya daban, kowanne ƙasa da jiga 4, in bar kile a FAT32.

Tambaya: Malam, ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Ali Ɗan Sofo. Ƙarshen wata ina kwafe dosiyoyin ofis, amma wasu takardu sai su ƙi, a ce suna ya yi tsawo. Ni kuwa na duba sunan bai kai haka ba.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, takardunki lafiya suke. Windows ba sunan takardar kaɗai yake ƙirgawa ba, yana haɗawa da sunan duk dosiyen da ke samanta, kuma iyakar da ya saba da ita harafi 260 ce. Mu kuma a ofisoshinmu dosiye cikin dosiye muke yi, kowanne da dogon suna na Faransanci, ga shekarar karatu, ga aji, ga zango. Gajarta sunayen dosiyoyi biyu na sama, ki mayar da "Année scolaire 2023-2024" ta zama "23-24", ki sake gwadawa. Ki kuma rufe Word da Excel kafin ki fara, don takardar da ke buɗe tana iya ƙin kwafuwa.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Na sayi kile mai jiga 128 a jika biyu wurin mai talla. Na kwafe komai har da kundin kammala karatuna, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Kwamfutata ta lalace, yanzu sunayen suna nan a kile amma yawancinsu ba sa buɗewa.

Amsa: Ƙanena, wannan ta taɓa mini zuciya, kuma ba zan ɓoye maka ba: alamu sun nuna kilen jabu ce. Ana ɗaukar ƙarama, mai jiga 8 ko ƙasa da haka, a sa ta riƙa gaya wa kwamfuta ita 128 ce. Tana rubuta sunan duk abin da ka ba ta, amma da ainihin wurinta ya cika, sauran ko dai ya bi iska ko ya hau kan na farko. Abin da bai taɓa rubutuwa ba, babu manhajar da za ta dawo da shi, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka a kan wannan alkawari. Manhajar H2testw tana tona asirin irinsu: tana cika kile da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka girmanta na gaskiya. A sabuwar kile ake yin wannan gwaji, kafin a ba ta amana.

Kundinka kuwa ban cire rai ba. Lalacewar kwamfuta ba lallai ta shafi diskin cikinta ba. Sau da yawa ana ciro shi, a sa shi a ɗan akwatin USB, a karanta shi a wata kwamfutar kamar ba abin da ya faru. Kada ka yarda mai gyara ya sake sa Windows kafin a yi wannan. Kafin nan ka bincika imel ɗinka da WhatsApp, duk babin da ka taɓa tura wa malamin da ke duba aikinka ko wani abokin karatu yana iya kasancewa a can. Duk abin da ka tsinto, ka ɗora shi a Google Drive a daren, jiga 15 na kyauta sun ishi kundi da yawa, sannan ka buɗe shi daga wayarka ka ga shafukan da idonka.