Ƙarfi daban, ƙarko daban

Wata ɗalibar likitancin haƙori ta aiko da tambaya: "Malam, muna gwajin abin da ake liƙa ciko da shi a haƙori. In ce ƙarfinsa muke aunawa ko ƙarkonsa? Ko duk ɗaya ne?"

'Yata, ba ɗaya ba ne, kuma aikin nan naku ya fi duk misalin da zan kawo fayyace bambancin.

Ƙarfi na nan take ne. Kun ɗauki cirarren haƙori, kun shafa masa asid na fosforik don ya yi kaushi, dabarar da wani likitan haƙori mai suna Michael Buonocore ya fito da ita a Amurka a 1955. Kun liƙa cikon, ya kwana cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, kashegari na'ura ta yi ta tura shi ko jan sa har ya ɓalle. Abin da ta nuna, shi ne ƙarfi.

Ƙarko kuwa sai kwana ya ja. Ba a cewa takalmi ya yi ƙarko ran da aka saye shi, sai ya ga damina ya ga rani. Shi ya sa ran ɗaurin aure addu'a ake yi, "Allah ya sa a yi ƙarko," domin ba wanda ya gani tukuna. To, tsoma haƙorin da kuke yi cikin ruwa mai digiri 5, ku mayar da shi mai digiri 55, sau ɗaruruwa ko dubbai, kamar mai kurɓar shayi yana bi da ruwan ƙanƙara, wannan gwajin ƙarko ne. Haka barin sa wata shida a ruwa. A nan ne abin da ya yi ƙarfi jiya yakan saki, musamman a cikin haƙori inda akwai danshi, don ruwa a hankali yake ratsa mahaɗar. Bahaushe yana da sunan irin wannan, "ƙarkon kifi": daga ruwa sai wuta.

Shi abin liƙin, ki ce masa gam, kowa zai gane. Ƙaro na itace ne, kada ki aro shi. Danƙo kuma ki ajiye shi don kamun da gam ɗin ya yi, kamar yadda muke cewa danƙon zumunci.